Murhun Ulanbatar: Yadda Aka Sauya Kwal Aka Bar Bututu

A watan Oktoban 2019, da sanyi ya fara kankama a Ulanbatar, babban birnin Mongoliya, asibitocin birnin suka soma karɓar wasu marasa lafiya da ba a saba ganinsu da wannan yawa ba. Gida guda ake kwasowa a lokaci ɗaya: uwa, uba, yara, wani sa'in har da kaka. Kukansu iri ɗaya ne, ciwon kai mai sara, jiri, amai da mutuwar jiki, wasu kuma a sume aka ɗauko su. Cikin 'yan makonni an kai ɗaruruwa asibiti, an kuma rasa rayuka, ciki har da ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu. Dukkansu a ɗakunansu suka kwana, ƙofa a rufe, murhu na ci kamar yadda ya saba ci shekara da shekaru. Abin da ya sauya a wannan hunturun shi ne abin da aka zuba a cikin murhun.

Wata biyar kafin nan, ranar 15 ga Mayu, dokar da gwamnatin Firaminista Ukhnaagiin Khurelsukh ta kafa tun Fabrairun 2018 ta fara aiki: an hana gidajen birnin ƙona ɗanyen kwal. Tashoshin wutar lantarki da wasu manyan wuraren dumama gine-gine kaɗai aka ɗauke wa. Aka sa shingaye a mashigan gari ana tare motocin kwal. A madadinsa, wani kamfanin gwamnati mai suna Tavan Tolgoi Tulsh ya shiga cura garin kwal da inji, kowane curi bai cika tafin hannu ba, ana ɗura shi a buhu mai kilo 25 ana sayarwa tugrik (kuɗin ƙasar) 3,750, wato tan guda a kan 150,000. Niyyar mai kyau ce, kuma duk wanda ya san halin da birnin ke ciki ba zai ga laifin gwamnati don ta motsa ba. Matsalar ta ɓullo ne a tsakanin buhun da bututun hayaƙi, wurin da doka ba ta leƙa ba.

Birnin da abin ya faru

Ulanbatar na zaune ne a kwarin kogin Tul, tsaunuka sun yi masa ƙawanya, kuma babu babban birnin wata ƙasa a duniya da ya kai shi sanyi. A watan Janairu, digiri 30 ƙasa da sifili da daddare ba abin labari ba ne, yakan ma doshi 40. Kusan rabin mutanen ƙasar a nan suke. Tsakiyar gari benaye ne da ake tura wa ruwan zafi ta bututu daga tashoshin lantarki, tsarin da aka gada tun zamanin Tarayyar Sobiyat. Amma fiye da rabin mazauna birnin suna unguwannin da suka hau gangaren tsaunuka, inda wancan bututu bai kai ba. Da yawansu makiyaya ne ko 'ya'yan makiyaya. Akwai wani mugun hunturu da suke kira dzud, wanda ƙanƙara ke danne ciyawa dabbobi su mutu da yunwa da sanyi. Na 2009 zuwa 2010 kaɗai ya kashe dabbobi kimanin miliyan 8. Wanda garkensa ya ƙare sai ya naɗe tantinsa ya nufi birni, ya samu fili a bayan gari ya kewaye da katako ya zauna.

Tantin nan, da ake kira ger, zagayayye ne. Ƙirarsa sandunan katako ne da aka saƙa, an lulluɓe su da kauraran barguna na gashin tumaki, ƙofarsa na kallon kudu, a tsakiyar rufinsa kuma akwai zagayayyar kafa. Murhu na zaune a tsakiyar ɗaki, bututunsa ya miƙe ya fita ta wannan kafa. A kansa ake dafa shayi, a kansa ake girki, shi ne kuma ke raba mutanen gidan da daskarewa. A karkara busasshiyar kashin shanu da itace ake sa masa. A birni sai kwal, wanda aka daɗe ana kawowa daga Nalaikh da Baganur, gabas da birnin. Waɗanda suka ɗan samu hali sun gina ƙananan gidaje na katako ko bulo, inda ake haɗa murhun da wata katangar bulo mai hanyoyi a cikinta, hayaƙi ya yi ta kewaya ciki yana ɗumama bulon kafin ya fita. Wannan katanga za ta sake fitowa a gaba, don tana da hannu a lamarin.

Gida guda kan ci kwal kimanin tan 4 a hunturu ɗaya, ban da itacen kunnawa, gidajen kuwa sun kai 200,000. Wanda ya rasa kuɗin kwal yakan jefa tsohuwar taya ko roba. A lokacin sanyi, iska mai sanyi da yake ta fi nauyi sai ta kwanta a ƙasan kwarin, mai ɗan ɗumi ta hau kanta ta zauna kamar faifai a bakin ƙwarya, hayaƙi ya rasa mafita. An ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na gurɓatar iskar birnin a hunturu daga waɗannan murahu yake fitowa. Da asubahin 30 ga Janairun 2018, wata na'urar awo a birnin ta nuna ƙwayoyin hayaƙi mafi ƙanƙanta, waɗanda ake kira PM2.5, sun kai maikrogiram 3,320 a kowace kubik mita ta iska. Wannan ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin sau 133. Asusun UNICEF ya bayyana a shekarar cewa ciwon huhu na namoniya shi ne na biyu cikin abubuwan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasar. Iyaye sun riga sun fita zanga-zanga a dandalin Sukhbatar cikin tsananin sanyi tun ƙarshen 2016.

Gwajin farko: sabon murhu, tsohon hannu

Kafin a taɓa kwal, murhun aka fara taɓawa, kuma a nan ne ya kamata a ce an ɗauki darasi. Daga 2011 zuwa 2013, da tallafin hukumar Millennium Challenge ta Amurka, an sayar wa gidaje sama da 100,000 sababbin murahu a farashi mai rahusa ƙwarai, mafi yawansu ƙirar Turkiyya. Bankin Duniya ma ya shigo da nasa shirin a 2012.

Fasahar sabon murhun na cikin yadda ake kunna shi. A tsohuwar hanya, a ƙasa ake hura wuta da ƙirare, in ta kama a zuba kwal a kai. Zafin da ke ƙasa sai ya dinga gasa ɗanyen kwal da ke sama, ya fitar masa da wani kauri mai maiƙo, shi kuma kaurin ya tashi ya bi bututu ba tare da ya haɗu da harshen wuta ba. Shi ne wannan hayaƙi mai duhu da ake gani da asuba da magariba. Makamashi ne da aka saya da kuɗi yake tashi sama a banza. Sabon murhun kifa abin ya yi: a cika shi da kwal yana sanyi, a jera itace a kai, a sa takarda a can sama a ƙyasta. Wutar na cin hanyarta tana gangarowa, duk kaurin da ya taso daga ƙasa dole ya ratsa ta cikinta ya ƙone. Sharaɗin dai ɗaya ne, kuma mai nauyi: ba a ƙara kwal a kan garwashi. Sai wutar ta cinye, a kwashe, a sake jerawa daga farko.

A tsaya a dubi abin da wannan sharaɗi ke nufi a cikin tanti da ƙarfe ukun dare. Wuta ta ja baya, ruwan bokiti ya fara kama ƙanƙara a sama, yara na ƙudundune a bargo. Uwar gida ta tashi ta buɗe murhu ta tarar da jan garwashi. Takardar da aka ba ta ta ce ta jira ya mutu, ta kwashe, ta jera sabon kwal, ta nemo itace ta faskara, ta kunna daga sama, sannan ta jira zafi ya dawo. Ga kuma buhu a gefenta, cebur biyu kawai za ta zuba ta koma ta kwanta. Ba sai an tambayi wanne za ta zaɓa ba, kuma ba na jin akwai mai 'ya'yan da zai zaɓi daban.

Binciken da aka yi wa shirin daga baya ya nuna haka. Sababbin murahun sun rage ƙwayoyin hayaƙi da kimanin kashi 65 cikin 100 in aka kwatanta da tsofaffin, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma kwal ɗin da gidaje ke ci bai ragu a zo a gani ba, kuma kaɗan ne ke bin ƙa'idar kunnawar yadda aka tsara. Bayan 'yan shekaru ragar cikin murhun ta ƙone, bulon da aka shimfiɗa a ciki ya farfashe, kayan gyara suka yi wuya, sababbin baƙi daga karkara kuma suka ci gaba da isowa da nasu tsofaffin murahu. Hayaƙi ya dawo. Wato tun shekaru kafin dokar hana ɗanyen kwal, hukumomi na da shaida a hannu cewa abin da mai gida ke yi da murhunsa cikin dare ya fi abin da aka rubuta a takarda ƙarfi.

Abin da curin kwal ke nema daga murhu

Curin da aka kawo a 2019 daga yankin Tavan Tolgoi na hamadar Gobi asalinsa yake, ɗaruruwan kilomita kudu da birnin. Ragowar da ke fita ce in an wanke kwal mai daraja da ake sayar wa masana'antun ƙarfe na ƙasar Sin. A niƙa ta, a gauraya da abin da zai riƙe ta, a danne da inji. Halinsa a wuta daban yake da na kwal ɗin da mutane suka sani. Ya fi tauri, ya fi wuyar kamawa, in ya kama ya fi zafi, ya fi daɗewa yana ci, hayaƙinsa kaɗan ne, tokarsa kuma da yawa. Kowanne daga cikin waɗannan halaye na neman wani abu daga mai murhun, kuma ba a sanar da mutane yadda ya kamata ba kafin sanyi ya sauka.

Wuta in ta samu isasshiyar iska, kabon ɗin da ke cikin kwal yana ƙonewa sarai. In iskar ta gaza, sai ƙonewar ta tsaya a rabi, ta haifar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. In an shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta zagaya jiki ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Wanda ke farke zai ji kansa na sarawa, ƙafafunsa su yi nauyi. Wanda ke barci kuwa ba lalle ya farka ba. Jariri da ɗan da ke ciki su suka fi saurin cutuwa.

Ɗanyen kwal ma yana fitar da wannan iska, ba sabon abu ba ce. Bambancin shi ne, in murhu ya tsage ko bututu ya toshe, ɗanyen kwal zai cika ɗaki da hayaƙi mai yaji, ido ya yi ruwa, a tashi a buɗe ƙofa ana faɗa. Muninsa shi ne gargaɗinsa. Curin kuwa yana iya cika ɗaki da guba ba tare da kowa ya yi ko tari ba. Tsagar da aka yi shekaru ana zaune da ita, ana cewa ai ɗan hayaƙi ne kawai in an kunna, ita ce ta zama hanyar ajali.

Sai batun yawa. Hannu ya saba da cika murhu maƙil kafin a kwanta, don ɗanyen kwal saurin cinyewa yake. In aka cika shi haka da curi, tulin ya fi ƙarfin iskar da ke shiga ta ƙasa. Tokarsa mai yawa ta zauna a kan raga ta toshe ramukan, aljihun toka ya cika har ya taɓo ragar, wuta ta koma ci a shaƙe. Ga kuma wata tsohuwar al'ada a gidajen da bututunsu ke da farantin rufewa: in harshen wuta ya kwanta, sai a tura farantin don kada ɗumi ya gudu. Da kwal mai saurin mutuwa, sau da yawa akan tsira. Curi kuwa yakan yi sa'o'i yana ci a ƙarƙashin farar toka bayan ido ya ɗauka ya mutu. An rufe masa hanyar sama, dole abin da yake fitarwa ya nemi ta ɗaki.

Na ukunsu shi ne ɗakin kansa. Bututu na jan hayaƙi ne saboda iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, amma ba zai ja ba sai wata iskar na shigowa ta maye gurbin wadda ta fita. Mai tanti kuwa, da hunturu ya ƙarato, ƙara bargo yake, ya sa leda, ya tushe gindin tanti kewaye, ya ja murfin kafar sama, ya liƙe bakin ƙofa da tsumma. Duk kafar da ya toshe kuɗin kwal ya rage wa kansa, ya kuma rage wa wutar numfashi bai sani ba.

Laifin wa?

Da gawarwaki suka fara fitowa, jama'a suka ce curin ne ke da guba. Hukumomi suka ce curin lafiyarsa ƙalau, murahu ne suka tsufa, bututu ba a share ba, mutane kuma ba sa bin ƙa'ida. Aka tura ma'aikata gida-gida suna duba murhu, suna koyar da kunnawa, aka shiga raba na'urorin da ke ƙara in gubar ta taru a ɗaki.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, amma nauyin bai zo daidai ba. Gaskiya ne murahu da yawa sun tsage, gaskiya ne akwai bututun da ya shekara biyu ko uku ba a sauke shi ba. Sai dai waɗannan murahu a haka suke tun kafin Mayun 2019, ba kuma a ɓoye suke ba. Wanda ya hana mutum makamashin da ya sani, ya ba shi wanda bai sani ba, ya kuma zama shi kaɗai ke sayarwa, shi ke da alhakin tabbatar da cewa murhun da za a zuba shi zai iya ɗauka. An samu wata 15 tsakanin kafa doka da fara aikinta, aka ƙara samun wata huɗu na bazara kafin a kunna wuta. Ƙarfin da aka sa a gina masana'anta da tsare hanyoyi, da an sa kwatankwacinsa a zagayen duba bututu cikin Agusta da Satumba, da zagayen da aka yi a Oktoba bai zama na bayan jana'iza ba. Cewa talaka bai kula da murhunsa ba magana ce mai sauƙin faɗa daga ofishin da bututun ruwan zafi ke ɗumamawa.

Wannan bai ɗauke wa mai gida nasa aikin ba, domin ko wa ke da laifi, shi da iyalinsa ne ke kwana a ɗakin.

Aikin da murhu ke bin mai shi

Babban aikin na kafin sanyi ne. A sauke bututu gaɓa-gaɓa a fitar da shi waje, a bubbuga, a zura buroshi ko sanda mai tsumma a kankare kunkunniyar da ta kama ciki. Kunkunniya mai kaurin yatsa a bututun da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba ta cinye wani babban kaso na hanyar. Bayan an share, a ɗaga kowace gaɓa a leƙa ta wajen rana: duk inda haske ya ɓullo, tsatsa ta huda. Kwal na ɗauke da farar wuta, in hayaƙinta ya haɗu da raɓar da ke taruwa a bututu mai sanyi sai ya zama ruwa mai cin ƙarfe, shi ya sa bututun kwal ba ya daɗewa kamar na itace. Gaɓar da ta huje sauya ta ake yi, ba a naɗe ta da tsumma ko leda. A tabbatar bakin bututun ya ɗara rufin ɗaki sosai, don gajeren bututu ba ya ja, in iska ta kaɗo ma yakan maido hayaƙi ciki.

Sannan jikin murhun. A duba faifan ƙarfen da ake ɗora tukunya, ko sun lanƙwashe sun daina zama daram. A duba ƙofa ko tana rufuwa ruf. A shafe tsagogin bulon ciki da yumɓu mai jure wuta, a sauya ragar da ta ƙone. Hanya mai sauƙi ta gane ɓoyayyiyar tsaga ita ce a sa fitila a cikin murhun da daddare yana sanyi, a kashe hasken ɗaki a zagaya shi.

Katangar bulo ta fi wuyar sha'ani. Hanyoyin cikinta lanƙwasa suke, kunkunniya da toka na taruwa a kowace kwana, kuma ido ba ya gani. Wadda aka gina da kyau tana da 'yan ƙofofin shara. Wadda aka gina da hannun koyo, sai an ɓalle bulo kafin a kai ga dattin. Ƙasa na daskarewa tana narkewa duk shekara, gini na motsi, katanga na tsagewa, wani lokaci ta bayan kabad ko gado inda ba mai dubawa. Baƙin layi a jikin farar katanga alama ce cewa hayaƙi na fita ta nan.

Na kullum kuma ba shi da yawa, sai dai ba a tsallake shi. A girgiza raga, a kwashe toka kafin kowace kunnawa, a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi a fitar waje nan take, don tokar da ake gani fara tana iya ɓoye garwashi har wayewar gari, tana fitar da guba a ƙofar ɗaki. A zuba curi kaɗan, ƙasa da yadda aka saba da ɗanyen kwal. A bar ƙofar iska ta ƙasa a buɗe har wuta ta kama sosai. Kada a tura farantin bututu muddin akwai sauran ja a ciki. A bar wata kafa, komai ƙanƙantarta, da iskar waje za ta shigo. Murhu kuma yana faɗin ciwonsa ga mai lura: wutar da ke ci a kasalance, hayaƙin da ke buso fuska in an buɗe ƙofa, gumi a jikin taga fiye da kima. Alamar da ta fi kowacce ita ce mutanen gida su tashi da ciwon kai gaba ɗaya, in sun fita waje ya sake su.

A nan lamarin ya taɓo mu kai tsaye. Wanda ya tashi a Kano ko Zinder ko Jos ya san kaskon wuta a ɗakin tsohuwa ko na mai jego cikin muku-mukun sanyi, ya kuma san abin da ake faɗa: a bar gawayi a waje har hayaƙinsa ya ƙare, in ya zama jan garwashi sai a shiga da shi. Hayaƙin ne ya ƙare, gubar tana nan, kuma jan garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da ita har ya mutu. Iskar nan ce dai ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a cikin gida. In an tarar da mutum a wannan hali, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da shi sarari, a garzaya asibiti inda za a sa masa oksijin, ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi. Madara da manja ba sa fitar da ita daga jini, ɗura wa wanda ya suma wani abu kuma na iya shaƙe shi.

Bayan hunturun farko

Dokar ta yi wani aiki, bai kamata a hana ta haƙƙinta ba. A hunturun 2019 zuwa 2020 hayaƙin da ido ke gani ya ragu, hukumomi suka ce ƙwayoyinsa sun sauka da kusan rabi, mutane suka ga tsaunukan da suka daɗe ba su gani ba a watan Disamba. Amma awon da aka ci gaba da yi ya nuna iskar farar wuta ta ƙaru, iskar birnin kuma ta ci gaba da ninka iyakar lafiya sau da yawa. Shaƙar guba a ɗaki ba ta tsaya a wancan Oktoba ba, duk hunturu sai an yi asarar rayuka. Daga baya aka kawo na'urorin ƙararrawa masu aika saƙo zuwa cibiya, don a buga wa gidan waya ko a tura mutum. Na'ura tana taimako ƙwarai, amma sanarwa take yi bayan gubar ta riga ta taru, wadda aka zare wa wuta don ta dami masu barci kuwa ba ta sanar da kowa. A farkon 2025 majalisar dokokin ƙasar ta yi zaman sauraron bahasi a bainar jama'a kan hayaƙin, inda aka ji cewa waɗanda wannan guba ta kashe cikin 'yan shekarun nan sun kai ɗaruruwa.

Akwai hanyoyin fita daga kwal ɗin gaba ɗaya da ake gwadawa. A Janairun 2017 aka yafe wa unguwannin tantuna kuɗin lantarkin dare a lokacin sanyi, don su koma hita. UNICEF ta fara wani shiri a lardin Bayankhongor a 2019, na lulluɓe tanti da kyau, a sa masa hitar lantarki da mashigar iska, a cire murhun kwal ɗungurungum. Sai dai wayoyi da tashoshin birnin ba za su iya ɗaukar gidaje 200,000 suna ɗumama da lantarki a dare ɗaya ba, don haka mafi yawansu da murhu za su ci gaba da kwana na wasu shekaru.

Sharar bututun tanti aikin yini guda ne, mai gida da ɗansa za su iya. Katangar bulo kuwa magini take so, da bulo da yumɓu da kuɗin aiki, a watan Satumba, daidai lokacin da ake sayen kayan makarantar yara ana kuma tara kuɗin buhunan farko. Jami'in da ya zo dubawa zai iya nuna tsagar ya rubuta a takarda, amma gidan da ba shi da kuɗin maginin zai kunna wuta a wannan katangar ranar da sanyi ya sauka.